Ivan Pavlov, ɗan limamin cocin da ya auna sabo da miyan kare

Tun ƙarni na 18 masana falsafa a Birtaniya, irin su David Hume da David Hartley, suke cewa tunanin mutum ƙulle-ƙulle ne. A ganinsu, in abu biyu suka yi ta zuwa tare, wata rana ɗaya kaɗai ya isa ya tuno da ɗayan. Sai dai magana ce ta littafi, babu wanda ya iya auna ta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗora ta kan ma'auni wani Barashe ne mai suna Ivan Petrovich Pavlov.

An haife shi a watan Satumba na 1849 a garin Ryazan na ƙasar Rasha. Mahaifinsa limamin coci ne, shi ma an sa shi makarantar horar da limamai. Littafin Ivan Sechenov kan yadda ƙwaƙwalwa ke mayar da martani ya ja hankalinsa, har a 1870 ya bar karatun addini ya shiga jami'ar Saint Petersburg. Daga 1884 zuwa 1886 ya ƙaro ilimi a Jamus, sannan a 1891 aka ba shi shugabancin sashen nazarin aikin sassan jiki a Cibiyar Gwaje-gwajen Likitanci ta birnin.

Babban aikinsa a can a kan narkewar abinci ne. Yakan yi wa karnuka tiyata, ya bar ƙaramar kafa wadda za a tara ruwan cikinsu ko miyansu, su kuma ci gaba da rayuwa. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1904, Barashe na farko da ya samu.

A nan ne shi da ɗalibansa suka lura karnukan na fara zubar da miyau tun abinci bai iso ba, da zarar sun ga mai kawo shi. Sai suka fara gwaji. Za a kunna wata ƴar na'ura mai bugawa ƙas-ƙas kamar agogo, a biyo da abinci. Bayan an maimaita sau da yawa, sautin kaɗai kan sa miyau ya zubo, su kuma su ƙirga ɗigo-ɗigo. Sun kuma gano cewa in aka yi ta kunna sautin babu abinci, miyan kan ragu har ya tsaya, ko da yake yakan ɗan dawo bayan kare ya huta. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Gwajin ya nuna turken na tumɓukuwa, amma ba a rana ɗaya ba.

Labarin ya ƙetara zuwa Amurka. A 1913 John Watson ya yi shelar cewa ilimin halayyar ɗan Adam ya daina hasashen abin da ke cikin zuciya, ya tsaya kan ɗabi'ar da ido ke gani. A 1920 shi da Rosalie Rayner suka sa wa wani jariri tsoron farin ɓera, ta hanyar buga ƙarfe da ƙarfi duk lokacin da ya taɓa shi, gwajin da a yau ake ɗauka zalunci. A 1924 Mary Cover Jones ta juya dabarar, ta rage wa wani yaro tsoron zomo ta hanyar kusanto masa da shi sannu-sannu yana cin abincin da yake so. Har yau ana magance wasu nau'o'in tsoro a kan wannan tushe.

A gida kuwa, gwamnatin gurguzu da ta hau mulki a 1917 ta rungumi aikinsa. A 1921 Lenin ya sa hannu kan dokar da ta ba shi kulawa ta musamman, a lokacin da yunwa ke addabar ƙasar. Wannan bai rufe masa baki ba. A 1924 ya ajiye kujerarsa ta farfesa a makarantar likitancin soja, saboda korar ƴaƴan limaman coci daga makarantu, yana mai tunatar da hukuma cewa shi ma ɗan limami ne. A ƙarshen 1934, da kame-kame suka tsananta, ya rubuta wa gwamnati takarda yana sukar mulkin tsoratarwa. Mutumin da ya san yadda ake cusa wa dabba sabo bai yarda a yi wa al'umma haka da tsoro ba.

A 1935 ya jagoranci babban taron masana aikin sassan jiki na duniya a Leningrad da Mosko. A shekarar ce aka kafa mutum-mutumin kare a harabar cibiyarsa, bisa buƙatarsa, don tunawa da dabbobin da aka yi aikin a kansu. Ya rasu ranar 27 ga Fabrairu, 1936, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 86.