SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO DA GULBIN RIMA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗalibi, idan kana son sanin rayuwar Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansa, to bi Gulbin Rima, don kuwa a bakinsa ya yi manyan ayyukansa.

Ruwan Rima taron dangi ne. Gulbin Gagare da Bunsuru su ne tushensa. Gulbin Maraɗi kuma ya taso daga ƙasar Katsina, ya leƙa Nijar, ya komo ya zuba a cikinsa. A kusa da Sakkwato sai ya gamu da Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratso ta Gusau. Daga nan ruwan ya wuce Argungu da Birnin Kabi, ya karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sannan ya faɗa Kwara.

An haifi Bello a 1781. A hannun mahaifinsa da baffansa Abdullahi ya yi karatu. A 1808 shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, birnin Gobir, a bakin Rima. A 1809 ya gina Sakkwato a kan tudu, dab da mahaɗar gulaben nan biyu. Kada ka zaci katari ne. Tudu kariya ne, fadama kuwa abinci ce: ga shinkafa, ga kifi, ga ciyawar dabbobi.

Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi masa mubaya'a. Bai miƙe ƙafa a birni ba. Ya kafa garuruwan ribaɗi don tsaron iyaka, ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna su yi noma, 'ya'yansu su yi karatu. Shi kansa ya tare a Wurno, a bakin Rima. Duk da wannan hidima bai ajiye alƙalami ba, shi ne ma mai littafin Infaƙul Maisuri. A Wurno ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake.

To, gulbin yana nan, har an yi masa madatsa a Goronyo. Kai kuma fa? Kada karatu ya sa ka raina fartanya, kada gona ta raba ka da allo. Iyaye, ku ma a gare ku. Allah Ya sa mu yi koyi da magabata, amin.