Joy Adamson: Matar da ta raini marainiyar zakanya ta mayar da ita daji

A watan Fabrairun 1956, wani jami'in kula da namun daji a arewacin Kenya mai suna George Adamson ya harbe wata zakanya da ta taso masa. Sai daga baya ya gane 'ya'yanta uku take karewa. Ya kwashe su ya kai wa matarsa Joy, abin da ya sauya rayuwarta ke nan.

An haifi Joy ranar 20 ga Janairun 1910 a garin Troppau, wanda yanzu ake kira Opava a Jamhuriyar Czech. Ta isa Kenya a 1937, inda ta yi suna wajen zanen furanni da mutanen ƙasar cikin kayan gargajiya. Ta auri George a 1944.

Da madarar kwalba ta shayar da marayun. Da suka fara girma aka tura biyu gidan namun daji na Rotterdam a ƙasar Holan, ta riƙe ƙaramar, ta raɗa mata suna Elsa.

Rainon bai ba ta wahala kamar rabuwar ba. Zakin da ya tashi a hannun mutum bai iya farauta ba, kuma ba ya tsoron mutane, don haka sakinsa haka kawai hatsari ne gare shi da jama'a. Joy ba ta son Elsa ta ƙare rayuwarta a keji, sai ita da mijinta suka kai ta dajin Meru. Sukan bar ta kwanaki ita kaɗai har yunwa ta sa ta nemi abin da za ta ci. A hankali ta koyi farauta, ta haɗu da zakin dawa, ta haifi 'ya'ya uku.

Littafin da Joy ta rubuta a kanta, Born Free, ya fito a 1960, aka mayar da shi fim a 1966. Ta zuba kuɗin da ta samu a aikin kare namun daji.

Sai dai nasarar ba ta cika ba. Elsa ta mutu a Janairun 1961 sakamakon wata cuta da kaska ke yaɗawa. 'Ya'yanta suka shiga kashe dabbobin makiyaya, dole aka kama su aka kai dajin Serengeti.

Tana rainon wata damisa mai suna Penny a gandun dajin Shaba aka tsinci gawarta ranar 3 ga Janairun 1980. Da farko an ɗauka zaki ne ya kashe ta, amma kotu ta samu wani tsohon ma'aikacinta da laifin kisan. An binne wani ɓangare na tokar gawarta a kabarin Elsa da ke Meru.