Oumarou Ganda: mai shirya fim da ya nuna inda kishi ke kai mace

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935. Yana matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocin. Da ya dawo, rashin aiki ya kai shi dakon kaya a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can ya haɗu da Jean Rouch, ya fito a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958.

Bayan ya koma gida ya shirya Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame. A fim ɗin, wani Alhaji ya dawo daga Makka ya nemi auren Satou, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Baƙin ciki ya ci zuciyar matarsa ta biyu, Gaika, har idonta ya rufe: daren biki ta je kashe amarya, sai ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Shi ya fara lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Har yau matasan Harobanda kan tsallaka gadar Kennedy zuwa cibiyar al'adu ta CCOG, mai ɗauke da sunansa.