Muhammad Ali Jinnah: Lauyan da ya nemi kariyar tsarin mulki kafin ya nemi ƙasa

An haifi Muhammad Ali Jinnah a Karachi a 1876, ya karanci aikin lauya a Landan, ya yi suna a kotunan Bombay. Duniya ta san shi da kafa Pakistan, amma yawancin shekarunsa na siyasa sun tafi ne wajen neman yadda Musulmi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar Indiya a zamanin Turawan Ingila, za su zauna da Hindu a ƙasa guda ba tare da rinjayen ƙuri'a ya danne su ba.

A 1916, yana ɗan jam'iyyar Congress kuma jigo a Muslim League, ya jagoranci yarjejeniyar Lucknow, inda Congress ta amince Musulmi su riƙa zaɓen wakilansu su kaɗai. A 1927 ya yarda a soke wannan keɓantaccen zaɓe, muddin za a ba Musulmi kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisar tsakiya, da wasu sharuɗɗa. Rahoton Motilal Nehru na 1928 ya soke zaɓen, ya hana kason, sannan taron Kalkata ya yi fatali da gyare-gyaren Jinnah.

Martaninsa shi ne buƙatu 14 na 1929. Ya nemi tsarin tarayya wanda larduna za su riƙe duk ikon da ba a ba gwamnatin tsakiya ba, da kashi ɗaya cikin uku na ministoci, da raba Sindh daga Bombay. Ya kuma nemi kada a zartar da dokar da kashi uku cikin huɗu na wakilan wata al'umma suka ce za ta cutar da su, sharaɗin da ya shafi kowace al'umma. Congress ba ta karɓa ba.

Bayan zaɓen 1937, Congress ta kafa gwamnatocin larduna ba tare da League ba. A 1940, a Lahore, Jinnah ya koma neman raba ƙasa. An kafa Pakistan a Agustan 1947, cikin rikicin da ya ci dubban ɗaruruwan rayuka, ya raba miliyoyi da gidajensu. Ya rasu ranar 11 ga Satumba, 1948, yana Gwamna Janar.

Miliyoyin Musulmin lardunan da suke tsiraru, waɗanda suka fi kowa buƙatar kariyar, a Indiya suka rage. Tsarin mulkinta na 1950 bai ware musu kujera ko ɗaya a majalisa ba.