Santiago Ramón y Cajal: Likitan Da Ya Gano Yadda Saƙo Ke Tafiya A Jijiyoyi

Duk likitan da ke duba masu farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, yana aiki ne bisa tubalin da wani mutumin Sifaniya ya aza fiye da shekara 130 da suka wuce.

An haifi Santiago Ramón y Cajal ranar 1 ga Mayu, 1852, a ƙauyen Petilla de Aragón. Ya taso da ƙiriniya da son zane, har mahaifinsa, wanda likita ne, ya kai shi koyon aski, daga baya kuma ɗinkin takalma. Duk da haka ya kammala karatun likita a Zaragoza a 1873. Ya yi aikin likitan soja a Kiyuba, inda zazzaɓin cizon sauro ya kusa halaka shi. A 1877 ya sayi madubin duba ƙananan halittu da ɗan abin da ya tara.

A lokacin, masana sun ɗauka jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke kamar raga. A 1887 Cajal ya ci karo da dabarar rini da ruwan azurfa wadda Camillo Golgi na Italiya ya ƙirƙiro a 1873. Ya inganta ta, ya yi ta duba ƙwaƙwalwar tsuntsaye yana zana abin da ya gani da hannunsa. A 1888 ya bayyana cewa kowace ƙwayar jijiya cin gashin kanta take yi: tana da rassa masu karɓar saƙo, da cibiya, da dogon zare mai fitar da shi. Daga nan ya gane cewa saƙon hanya ɗaya yake bi, daga rassa zuwa zare, sannan ya tsallaka zuwa ƙwaya ta gaba, kamar yadda kaya ke wucewa hannu da hannu a kasuwa.

Da farko ba a kula shi ba, domin da Sifaniyanci yake rubutu. Sai a 1889 ya ɗauki kayan aikinsa zuwa taron masana a Berlin, inda babban malami Albert von Kölliker ya duba da idonsa ya gamsu.

A 1906 aka ba shi kyautar Nobel tare da Golgi, wanda ya tsaya kan ra'ayinsa na raga har a jawabinsa na karɓar kyautar. Cajal ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934, bai ga ƙarshen gardamar ba. Sai a shekarun 1950 madubi mai aiki da lantarki ya nuna ɗan giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin, inda sinadarai ke isar da saƙo. Magungunan ciwon ƙwaƙwalwa da dama a wannan giɓin suke aiki a yau.