Tarihin Ladi Kwali, maginiyar tukwane

Duk wanda ya juya takardar naira 20 ta Najeriya zai ga hoton wata mata tana ginin tulu. Wannan mata ita ce marigayiya Ladi Kwali.

An haife ta ne a wajejen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, wanda a yanzu yake cikin yankin babban birnin tarayya. A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma tun tana ƙarama ta koye ta a hannun wata 'yar uwar iyayenta.

Da hannu ake ginin. Maginiya kan murza yumɓu ta riƙa ɗora shi zagaye bisa zagaye, tana kewaya tukunyar har ta tashi, sannan a gasa ta a fili da itace da busasshiyar ciyawa. Da irin waɗannan tukwane ake ɗebo ruwa, ake girki, ake adana hatsi.

Ladi ta yi fice wajen zanen da take yi wa tuluna da randuna: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi da tsuntsaye. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, na daga cikin waɗanda suka tara tukwanenta, kuma a fadarsa ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta.

A shekarar 1952 Mr Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ta zamo mace ta farko a cikin maginanta.

A can ta koyi aiki da na'ura mai juyawa, da shafa wa tukwane sinadarin da ke sa su sheƙi, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Sai dai ba ta yar da salon gida ba, ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, da zanen Gwari.

Amma sauyin ya zo da nasa rashin. Tulun da aka gasa ta wannan hanya ya fi nauyi da tsada, kuma ba ya tsattsafo, don haka ba ya sanyaya ruwa. Kayan aikin matan ƙauye ya koma kayan ado na masu hali.

An baje kolin tukwanenta a London a 1958 da 1959 da 1962, sannan a 1972 ta zagaya Amurka tana nuna yadda ake ginin.

Duk da cewa ba ta yi karatun boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, kuma gwamnatin Najeriya ta ba ta lambar yabo ta OON a 1981.

Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga watan Agustan 1984. An sanya wa cibiyar ta Suleja sunanta, haka nan da wani titi a birnin Abuja.