Ludwig Guttmann: Likitan da ya ceto masu raunin laka daga gyambo da cutar jini

A farkon ƙarni na 20, karayar ƙashin baya da ta taɓa laka tamkar hukuncin kisa ce. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kimanin takwas cikin goma na sojojin Amurka da suka samu irin wannan rauni sun mutu cikin 'yan makonni. Akasarinsu gyambon kwanciya da cutar mafitsara ne suka yi ajalinsu, bayan ƙwayoyin cuta sun ratsa zuwa ƙoda da jini. Likitan da ya sauya wannan makoma shi ne Ludwig Guttmann.

An haife shi ranar 3 ga Yuli, 1899, a garin Tost na ƙasar Jamus, wanda yau yake cikin Poland, a gidan Yahudawa. A 1917, yana aikin sa-kai a asibitin masu haɗari na Königshütte, ya ga wani ƙaƙƙarfan mai haƙar kwal da bayansa ya karye. Aka keɓe shi a gefe, domin likitoci sun yanke ƙauna daga gare shi, ya kuwa mutu cikin makonni biyar sakamakon cutar da ta shiga jininsa. Guttmann ya fara karatun likita a Breslau a 1918, ya kammala a Freiburg a 1924, sannan ya ƙware a fannin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a hannun Farfesa Otfrid Foerster.

Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933, aka raba likitoci Yahudawa da asibitocin gwamnati. Sai ya koma asibitin Yahudawa na Breslau, ya zama shugabansa a 1937. A tarzomar 9 ga Nuwamba, 1938, ya ba da umarnin a kwantar da duk wanda ya shigo neman mafaka. Cikin mutum 64 da aka karɓa, ya kuɓutar da 60 daga hannun 'yan sandan Gestapo, ta hanyar kare dalilin kwantar da kowannensu. A Maris 1939 ya isa Oxford ta Ingila da matarsa da 'ya'yansa biyu, yana ɗan gudun hijira.

A 1943 gwamnatin Birtaniya, wadda ke hasashen ɗimbin sojoji masu rauni, ta nemi ya kafa cibiyar kula da masu raunin laka. Aka buɗe ta ranar 1 ga Fabrairu, 1944, a asibitin Stoke Mandeville. Tsarinsa ya dogara ne kan horo da tsabta. Ya wajabta juya majinyaci kowane sa'o'i biyu, dare da rana, don kada fata ta mutu a inda ƙashi ke danne ta. Ya ƙi al'adar huda mara a bar bututu, ya koma zura robar fitsari mai tsabta lokaci-lokaci a cire. Ya yi amfani da maganin fenisilin da ya fara samuwa a lokacin. Ya kasance shugaba mai tsanani, yakan faɗo ɗakin majinyata cikin dare don ya ga ko an bi ƙa'ida. Sannu a hankali waɗanda aka fid da rai da su suka riƙa komawa gida, wasu har da sana'a.

Wasanni ma magani ya ɗauke su. Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik ta Landan, mutum 16 masu keken guragu suka fafata a harbin kibiya a harabar asibitin. A 1960 gasar ta koma Rum da 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23, wadda ake lissafawa a matsayin gasar nakasassu ta duniya ta farko. Najeriya ta fara halarta a 1992 a Basalona, ta dawo da zinare uku. Guttmann ya samu sarautar Sir a 1966, ya mutu ranar 18 ga Maris, 1980.

Bayan mutuwarsa kimiyya ta ƙara fayyace dalilin da ya sa cuta ke saurin kayar da waɗannan majinyata. Laka ce ke kai saƙon jijiyoyi zuwa saifa da sauran gaɓoɓin da ke sarrafa garkuwar jiki. Idan raunin ya faɗa a wuya ko saman ƙirji, saƙon kan rikice, ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su ragu, ƙarfin samar da sinadaran kariya da ake kira antibodi ya yi rauni. A masu raunin da ya daɗe kuma akan tarar da kumburi mai ɗorewa a jiki, wani lokaci har da antibodi masu far wa jikin mai su. Shi ya sa har yau ciwon huhu da cutar jini ke sahun gaba wajen kashe su, shekaru bayan haɗarin.

Wannan darasi ya shafi Najeriya kai tsaye, inda haɗarin mota ke kan gaba wajen jawo raunin laka. Wanda ya karye a hanyar Minna zuwa Suleja ko ta Bida, ko an yi masa aiki a Minna, ko Gwagwalada, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ƙarshenta gida zai koma, hannun uwa ko mata ko ƙane. A nan ake tsira ko a rasa rai, gwargwadon ko an koya wa mai jinya juya shi, da duba fatarsa, da tsabtace robar fitsari, da gaggawar kai shi asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. Dokar hana wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta tanadi hanyar shiga gine-ginen gwamnati, amma sai mai rai ke hawa ta. Masu tsara kasafin lafiya a Abuja na da abin koyi a tarihin Guttmann: isassun ma'aikatan jinya, da horar da iyalai, da wadatar kayan tsabta su ne suka raya majinyatan Stoke Mandeville.